Babi na Bakwai: Yadda 'Ya'ya Ke Komawa Yaya

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan cutar sanƙarau a yammacin Zamfara suka tarar da ƙauyuka inda ƙananan yara ke ta mutuwa, kuma ba sanƙarau ba ce. Gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida, inda yara ke wasa. Yara fiye da 400 suka rasu. Daga nan sunayen wasu ƙauyuka, waɗanda ko a Gusau ba kowa ya san su ba, suka shiga rahotannin duniya: Dareta, Abare, Sunke, Duza da Tungar Daji a ƙaramar hukumar Anka, Tungar Guru da 'Yar Galma a Bukkuyum, sai kuma Bagega, wadda sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta.

Labarin dalma yana da nasa wurin. Abin da ya kawo ƙauyukan nan cikin wannan babi shi ne sunayensu. Wanda ya duba rahotannin Turanci zai ga 'Yar Galma ta zama Yargalma, kalma guda, ba alhamza a gaba, ba tazara a tsakiya. Abubuwa biyun da suka zube kuwa su ne suka fi kowace alama rikita rubutun umarnin kwamfuta, kuma Hausa cike take da su.

A ɗauka wani ma'aikaci a Anka yana son buɗe wa kowane ƙauye folda a kwamfuta mai aiki da Linux. Maimakon ya riƙa danne-danne sau takwas, sai ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni a ciki, ya buga:

mkdir Sunke

Nan take folda mai suna Sunke ta bayyana. Dareta ma haka, Abare ma haka. Da ya zo kan Tungar Daji sai ya ga folda biyu, ɗaya Tungar, ɗaya Daji. Da ya buga Tungar Guru, kwamfuta ta ce masa ai akwai Tungar, ta buɗe masa Guru kawai. 'Yar Galma kuwa ko motsi ba ta yi ba: allon ya sauko layi na gaba, ya nuna masa 'yar alamar kibiya, ya tsaya yana jira. A irin wannan lokaci ne ake jin mutum yana cewa, “Malam, kwamfutar ta maƙale.” Ba maƙalewa ta yi ba, sauraro take yi. A wurinta, ma'aikacin ya buɗe zance bai rufe ba.

Tushen wannan hali ya tsufa. Manhajar da ke karɓar umarni a Linux, wadda ake kira bash, Brian Fox ne ya fitar da ita a 1989, kuma ta gaji ƙa'idojinta daga wadda Stephen Bourne ya rubuta a ɗakin binciken Bell na Amurka, wadda ta fito tare da Unix a 1979. A ƙa'idar, tazara ita ce wuƙa: duk inda ta faɗo, nan ake yanka layi. Kalmar farko umarni ce, sauran kuma abubuwan da umarnin zai yi aiki a kansu ne, kowace da kanta. Wanda ke son kalmomi biyu su tafi a matsayin abu guda, sai ya ɗaure su da alamar zance, ko tagwaye ko tilo. Matsalar ita ce alamar zance tilo da alhamzar Hausa maɓalli ɗaya ne, lamba ɗaya ce. A jadawalin ASCII, wanda aka fara tsarawa a 1963, tazara ce lamba 32, tagwayen alama 34, tilo kuma 39. Wannan 39 ɗin ce Bahaushe ke dannawa a sa'a, jama'a, ma'aikata, Mu'azu, Sa'adatu, da duk kalmar da ta fara da 'y.

Alhamza guda ɗaya tana da kirki, domin tana tsayar da aiki mutum ya gane akwai matsala. Biyu su ne mugaye. Idan aka buga

mkdir 'ya'ya

bash za ta ɗauki alhamzar farko a matsayin buɗe zance, ta biyu a matsayin rufewa, ta cire su duka, ta buɗe folda mai suna yaya. Ba gargaɗi, ba ƙorafi. Wanda ya yi niyyar tara hotunan 'ya'yansa ya wayi gari da foldar yayansa. Sunan marigayi shugaban ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa ma haka zai fita ta wannan ƙofa, Yaraduwa, a sulluɓe. Idan kuma aka ce 'ya'yan itace, cuta biyu ta haɗu: folda ɗaya yayan, ɗaya itace.

Maganin ba shi da wuya. A sa sunan duka tsakanin tagwayen alamu, "'Yar Galma" ko "'ya'yan itace", sai alhamza da tazara su koma haruffa kamar kowane harafi. Ko kuma a sa sanda jirge mai komawa baya a gaban kowace alama mai rigima, kamar Tungar\ Daji ko Mu\'azu, wato a ce wa bash ta bar harafin da ke biye yadda yake. Sai dai tagwayen alamu ba katanga ba ce, dannin kara ne. Alamar dala tana ratsa su. Wanda ya rubuta "Kuɗinsa $50" zai ga an buga Kuɗinsa 0, domin bash ta ɗauki $5 a matsayin sunan wani mazubi, ta leƙa ta ga babu komai a ciki. Alamar naira ba ta da wannan rigima, ba don an girmama ta ba, don dai ba a san da ita ba lokacin da ake rabon aiki. Alamar tilo ce katangar gaske, ba abin da ke ratsa ta, amma ba a iya saka alhamza a cikinta. Dole a rufe, a sa alhamzar da sandarta, a sake buɗewa, sai sunan Mu'azu ya zama 'Mu'\''azu'. Duk wanda ya ga wannan a karon farko zai ɗauka kyanwa ce ta taka madannai.

Inda ƙwararru ma ke faɗawa shi ne mazubi. Mai rubutu zai ajiye suna a mazubi da kyau, cikin alamunsa, sannan can ƙasa ya kira mazubin tsirara, ya rubuta $gari maimakon "$gari". A nan bash ba ta sake fassara alhamzar da ke ciki, amma tana yanka a kan tazara. Rubutun zai yi aiki lafiya ƙalau a kan Anka, Gummi, Bukkuyum da Gusau, har mai shi ya saki jiki. Ranar da ya iso Talata Mafara ko Ƙaura Namoda ko Birnin Magaji, ranar zai watse.

Idan umarnin na buɗe folda ne, abin dariya ne. Idan na gogewa ne, abin kuka ne. A farkon Nuwamba 2001 kamfanin Apple ya fitar da iTunes 2.0, kuma a cikin manhajar girkawa akwai layi guda da aka ɗora wa aikin goge tsohuwar iTunes. An rubuta mazubin da ke ɗauke da sunan faifan ajiya ba tare da alamun zance ba. Masu faifan da sunansa ke da tazara sai umarnin ya yanke a tsakiya, ya koma yana nuna wani wuri daban, kuma wasu mutane suka rasa duk abin da ke faifansu. Kamfanin ya janye ta cikin gaggawa ya fitar da 2.0.1. Shekara goma bayan haka, a 2011, manhajar Bumblebee ta Linux ta zo da nata: a layin gogewa, tazara guda ta kutsa tsakanin /usr da sauran adireshin, sai umarnin ya share /usr ɗungurungum, inda akasarin manhajojin kwamfutar ke zaune. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Amma yawancin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu da ofisoshin ƙananan hukumomi Windows ne, kuma can labarin ya ɗan bambanta. A zamanin MS-DOS sunan fayil ba ya wuce haruffa takwas da wutsiya mai haruffa uku. Windows 95 ce ta buɗe ƙofa har zuwa haruffa 255, kuma ita da kanta ta sa wa babbar foldar manhajoji suna mai tazara, Program Files. Har yau, idan aka ba Windows adireshin wata manhaja da ke cikin wannan folda ba tare da alamun zance ba, abin da za ta fara nema shi ne fayil mai suna Program.exe a gindin faifan C, kuma masu kutse sun daɗe da sanin amfanin ajiye nasu fayil da wannan suna. Foldar masu amfani ma a Windows XP sunanta Documents and Settings, tazara biyu. Daga Vista aka mayar da ita Users, amma ba a tsira ba, tunda sunan mai kwamfutar na biye: in Malam Mu'azu ne, ga tazara ga alhamza a adireshin duk wani fayil nasa.

Tsohon allon umarni na Windows, cmd, bai ɗauki alhamza a bakin komai ba, tagwayen alamu kaɗai ya sani. A can 'Yar Galma za ta zama folda biyu, 'Yar da Galma. PowerShell kuwa, wadda ta zo a 2006, tana tsayawa jira kamar bash, kuma nata maganin shi ne a ninka alhamzar, a rubuta 'Mu''azu'. Suna ɗaya, kwamfuta ɗaya, hali biyu.

Mafi yawan matasan da ke fara rubutun umarni ba ta nan suke shiga ba. Ta ƙofar ado suke shiga. Saurayi ya sayi kwamfutar cinya ta gwanjo, ya ga a bidiyo yadda wasu suka ƙawata fuskar tasu da ƙaton agogo, da ma'aunin cajin batir, da kalandar wata, sai ya sauke Rainmeter, manhajar kyauta da Kimmo Pekkola ya fara a 2001. Kowane ado a cikinta ɗan fayil ne na rubutu da ake iya buɗewa a gyara, kuma ba a daɗewa mutum yake son nasa: sunan garinsu a saman agogo, lokutan salla a gefe, ma'aunin batir da manyan lambobi tunda wutar lantarki ba ta da alkawari. A ce ɗan Gummi ne, daga Ɗaki Takwas. Zai rubuta:

!SetOption Gari Text Ɗaki Takwas

Rainmeter na ƙirga abin da ke bayan umarnin ɗaya bayan ɗaya. Na farko sunan ɓangaren da za a canza, na biyu abin da za a canza a jikinsa, na uku sabon rubutun, na huɗu kuma, in akwai, sunan wani adon daban da za a aika wa umarnin. Saboda haka Ɗaki ne rubutun, Takwas kuma wani ado ne da za ta tafi nema ba ta samu ba. Tagwayen alamu a gefe da gefen sunan sun warware wannan. To idan rubutun da kansa yana ɗauke da tagwayen alamu fa, kamar karin magana da aka sa cikin alamar zancen wani? Masu Rainmeter sun tanadi abin da suke kira alamun siddabaru: tagwayen alamu uku a jere a farko, uku a ƙarshe, duk abin da ke tsakani a bar shi yadda yake.

Ɗan Ɗaki Takwas bai gama ba tukuna. Rainmeter na son a adana fayilolinta da tsarin UTF-16 LE idan akwai haruffan da ba na Turanci ba. In aka adana da UTF-8, sai ta karanta kowane harafi mai ƙugiya a matsayin haruffa biyu na Turawan Yamma: Ɗaki ya koma ÆŠaki, ƙasa ta koma Æ™asa. Wanda ya saba karanta Hausa a intanet ya sha ganin wannan tarkace. Abin dariyar shi ne ƙaramin ɓ, wanda ke rikiɗa ya zama É da lanƙwasasshiyar alamar zance, kamar dai rigimar ba ta ishe mu ba.

AutoHotkey, wadda Chris Mallett ya fara a 2003, ita ce abokiyar tafiyar Rainmeter a wurin masu son kwamfuta ta bi ra'ayinsu, kuma tana da amfani na musamman ga marubucin Hausa, domin da layi kaɗan za a iya sa wani maɓalli ya riƙa fitar da ƙ, ɗ da ɓ. Tana kuma faɗaɗa gajeren rubutu: a buga 'yan haruffa, ita ta cika sauran. Tarkon yana cikin yadda take gane cewa kalma ta ƙare. Jerin alamun da take ɗauka a matsayin ƙarshen kalma ya haɗa da tazara, aya, waƙafi, da alhamza. Wani magatakarda zai iya tsara cewa duk lokacin da ya buga jami, a cika masa Jami'ar Tarayya ta Gusau. Ranar da ya zo rubuta jami'in tsaro, yana taɓa alhamza manhajar za ta yi tsalle, takarda ta fito da Jami'ar Tarayya ta Gusau'in tsaro. Ana iya cire alhamza daga jerin da umarnin #Hotstring EndChars, kuma ya kamata wannan ya zama layin farko a fayil ɗin duk mai rubuta Hausa. Sai kuma a kula da zubi. A tsohon zubi, ana ninka tagwayen alama idan ana son ta fito cikin rubutu. A zubi na biyu, wanda ya fito a Disamba 2022, ana sa mata 'yar alamar nan mai karkata da ke ƙarƙashin maɓallin Esc, kuma alamar tilo ma ta samu ikon buɗe zance. Misalin da aka kwafo daga tsohon bidiyo kan ƙi aiki a sabon zubi saboda wannan kaɗai.

Kwafe yana da nasa sharrin. Microsoft Word na mayar da miƙaƙƙun alamu lanƙwasassu tun ana bugawa, haka ma iPhone tun daga iOS 11 na 2017. Malami ya rubuta umarni a Word ya raba wa ɗalibai, ido ya ga daidai, amma bash ba ta san lanƙwasassun a matsayin alamun zance ba, haruffa ne kawai a wurinta, sai Tungar Daji ta sake rabewa biyu, kowane rabi da ƙahonsa. PowerShell kuma akasin haka take: lanƙwasassu da miƙaƙƙu duk ɗaya ne gare ta, saboda haka wanda ya canza alhamzar Mu'azu zuwa lanƙwasasshiya don ya tsere wa rigima bai je ko'ina ba. Word ɗin ma ba ta iya Hausa ba. Idan kalma ta fara da alhamza, takan ɗauka buɗe zance ne, ta juya ta baibai, shi ya sa ake yawan ganin 'yan sanda da alhamza mai kallon baya a takardun ofis.

Excel ta fi su duka wayo. A wurinta, alhamza a farkon gurbi umarni ce cewa abin da ke biye rubutu ne ba lissafi ba. Masu shigar da lambobin waya sun san dabarar, domin da ita ake hana sifilin farko na 0803 ɓacewa. Amma alhamzar ba ta fitowa a gurbin. Wanda ya buga 'Yar Galma zai ga Yar Galma, kuma haka za ta tafi idan aka fitar da jadawalin zuwa wata manhaja. Sai an buga alhamza biyu ake ganin ɗaya.

Ƙetare iyaka, a Maradi ko Damagaram, rabin wannan wahala babu ita a rubuce. Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar tana amfani da harafin ƴ mai ƙugiya a inda Nijeriya ke rubuta 'y, don haka ƴaƴa na wucewa ta bash da PowerShell da Excel ba wanda ya tare shi. Alhamzar tsakiya dai tana nan, a sa'a da jama'a. Ita ma Unicode ta tanadar mata lamba ta daban, U+02BC, wadda ake ɗauka harafi ce ba alamar rubutu ba, kuma manhajojin umarni ba sa taɓa ta. Sai dai ba ta kan madannan da ake sayarwa a kasuwa, kuma wanda ya nemi suna da alhamzar yau da kullum ba lallai ya samo wanda aka adana da waccan ba. A ɗaya gefen kuma, masu rubutu a waya da ba su da haruffa masu ƙugiya sun ƙara yawan alhamza da d'an, k'asa da b'arawo, ta yadda saƙo guda kan ɗauki alhamza goma.

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a guje wa rigimar gaba ɗaya: kada a sa tazara ko alhamza a sunan fayil, a rubuta Tungar_Daji, a rubuta Yar_Galma. Ga sunan fayil da ba mai gani sai mai kwamfutar, shawara ce mai kyau. Ga sunan mutum a rajistar asibiti, ko sunan gari a fuskar allo, ko jerin ɗalibai, ragwanci ne da aka yi wa rawani. Mutanen Ireland masu suna irin su O'Brien sun daɗe suna faɗa da fom-fom na intanet da ke ƙin sunayensu, kuma a nasu harshen ma cire alamar ba ya mayar da ɗa ya zama wa. A Hausa yana yi. Mai rubutun ne ya kamata ya ɗaure mazubansa, ba mai suna ya yanke sunansa ba.

Kafin a saki kowane rubutun umarni da zai taɓa sunayen Hausa, akwai gwaji mai arha da taswirar yammacin Zamfara ta bayar kyauta. A fara da Sunke, wadda ba ta da tazara, ba alhamza, ba ƙugiya. In ta faɗi, matsalar wata ce daban. Sai Tungar Daji don tazara, 'Yar Galma don alhamzar da ba ta da abokiya, Ɗaki Takwas don ƙugiya. Na ƙarshe a ba shi 'ya'ya. Wannan ba zai nuna kuskure a allo ba ko da ya faɗi, saboda haka sai an buɗe foldar da hannu an ƙirga alhamzar da ke jikin sunan.